Bashi ko Inshora: Da Me Za Mu Biya Kuɗin Maganin Dabbobinmu?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore mana dabbobin ni'ima, muna shan nononsu, muna noma da ƙarfinsu, muna rufa asirinmu da kuɗinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe Uban Ƙasa, Allah ya ja zamaninka. Malamaina limamai, Allah ya gafarta muku. Hakimai da masu unguwanni, Arɗo da jama'arsa, Sarkin Fawa, ma'aikatan lafiyar dabbobi, iyayena mata da ke sauraro daga can gefe, da 'yan'uwa da suka taso daga Sabon Birni da Gatawa da Isa, alhali kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma gode wa dattawan Unguwar Lalle da suka kira wannan zama, suka ɗora mini nauyin yin magana a kan mas'alar da take ƙarama a baki amma babba a aljihu, watau: idan dabba ta kwanta ciwo, da wane kuɗi za a yi mata magani? Da bashi, wanda ake nema bayan cuta ta sauka, ko kuwa da inshora, wadda ake biya tun cuta ba ta zo ba?

Na ɗaya. Ya kamata mu fara da sanin matsayin abin da muke magana a kansa. A wannan ƙasa ta Gobir, tun daga fadamun gulbin Rima har kan iyakarmu da Maraɗi, dabba ba abin ado ba ce. Bijimin huɗa shi ne nomar shekara, jaki da raƙumi su ne sufuri, ragon da aka turke shi ne cinikin Layya, akuyar mace kuwa ita ce asusunta, da ita take sayen kayan ɗakin ɗiyarta, da ita take kai yaro asibiti. Jar akuyar nan tamu, wadda mu muke kira ta Sakkwato, mutanen Nijar suke kira ta Maraɗi, fatarta ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka san ta da sunan Maroko, domin ta can take isa gare su. Bayan wannan kuma akwai haƙƙi na shari'a, gama malamanmu na Malikiyya sun tabbatar da cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, har idan ya ƙi ko ya kasa, alƙali yana iya tilasta masa ya fitar da ita daga hannunsa. Kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da na mutumin da aka gafarta wa saboda kare mai ƙishirwa da ya shayar. Saboda haka neman magani ga dabba tsaron dukiya ne, kuma jinƙai ne da ake fatan lada a kansa.

Na biyu. Wannan muhawara ta bashi da inshora ta fi zafi a ƙasashen Turai da Amurka, inda mutane suke kashe maƙudan kuɗi wajen jinyar karnuka da kyanwoyi, kuma akwai fa'ida mu ji yadda take a can kafin mu dawo gida. A ƙasar Suwidin aka fara rubuta takardar inshorar dabbobi ta irin wannan a 1890, kuma abin lura shi ne dawaki da shanu aka fara yi wa, kare bai shiga ba sai 1924. Ingila ta bi baya a 1947, Amurka kuwa sai 1982. Tsarin shi ne mai dabba ya riƙa biyan wani abu kowane wata, ran da ciwo ya zo, galibi shi zai fara biyan likita daga aljihunsa, sa'an nan ya kai takardar shaida kamfani ya mayar masa da kaso mafi yawa. Amma kamfani ba ya ɗaukar ciwon da dabba take da shi tun kafin a rubuta ta, kuma akwai 'yan kwanaki na jira kafin alkawari ya fara aiki, domin kada mutum ya ga dabbarsa ta fara tari sa'an nan ya ruga ya yi rajista.

Wanda bai yi inshora ba, sai a miƙa masa katin bashin magani tun yana tsaye a ɗakin likita. Mafi shahara a Amurka shi ne wanda ake kira CareCredit. Ana ce wa mutum babu ruwa a kan bashin har wata shida ko shekara, amma sharaɗin da ke ƙarƙashi shi ne, idan wa'adi ya cika da saura ko kaɗan bai biya ba, sai a lissafa masa ruwan dukan kuɗin tun daga ranar farko, ruwan da yakan kai wajen kashi 30 cikin 100 ko fiye a shekara. A 2013 hukumar kare masu cin bashi ta Amurka ta umarci kamfanin ya mayar wa jama'a har kimanin dala miliyan 34, saboda an sa mutane da yawa sun sa hannu ba tare da an bayyana musu wannan sharaɗi ba. To, jama'a, idan mai karatu da lauya da hukuma a bayansa ya faɗa wannan rami a sa'ar da hankalinsa ya tashi, yaya makiyayin da ke tsaye a kan saniyarsa tana numfashi sama-sama?

Na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe, shi ne bashi kamar yadda muka san shi. Mu ba mu da kati, amma muna da mai shagon magani da mai baza kwalabe a kasuwa, wanda zai ba ka allura ko ƙwayar tsutsa ya ce ka kawo kuɗi ran kasuwa mai zuwa. Muna da attajirin da zai ba ka kuɗi da damina ka biya da hatsi da kaka. Muna da dillalin da zai ranta maka yau bisa sharaɗin ragonka ba zai bi ta hannun kowa ba sai nasa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ni ban zo nan domin in aibata shi ba, gama sau da yawa shi ne ya tsaya tsakanin talaka da asarar bijiminsa, kuma rance mai kyau, wanda malamai ke kira ƙardu hasan, yana cikin manyan ayyukan lada. Amma ina so mu dubi aibobi uku da ke tattare da shi a wannan babi.

Aibi na farko shi ne jinkiri. Mutumin da ya san ba shi da ko sisi, idan ya ga akuyarsa ta ƙi cin abinci, ba ya tashi nan take; sai ya ce bari a gani zuwa gobe, gobe ta zama jibi, ya jiƙa sassaƙe, ya ba da kanwa, sai ran da ta kasa tashi sa'an nan kunya ta sake shi ya tafi neman rance. A lokacin nan kuwa cutar da allura ɗaya za ta kashe ta riga ta ci jiki, sai a yi asara biyu, dabba ta tafi, bashi ya zauna. Ko kuwa a kira mahauci da gaggawa ya saye ta da abin da ya ga dama. A nan ina roƙon Sarkin Fawa ya ja kunnen yaransa, domin dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko ta dubura, mai yiwuwa saifa ce, kuma saifa tana kama mai fiɗa da mai ci. A 2023 ma an tabbatar da ɓullarta a Suleja. Irin wannan gawa ba a buɗe ta, binne ta ake yi da zurfi.

Aibi na biyu shi ne mai cin bashi ba shi da zaɓi. Wanda ya zo da kuɗi a hannu yana iya duba kwalba, ya karanta ranar lalacewa, ya ce ba ya son wadda ta sha rana. Wanda ya zo roƙo kuwa abin da aka miƙa masa shi zai karɓa. Sai ka ga maganin sammore an ba saniyar da hanta ke damunta, ko a raba allurar bijimi ɗaya ga uku domin a rage bashi, alhali rabin magani ba ya kashe cuta, koya mata jurewa yake yi. Kuma wa ya duba dabbar? Mai maganin bai gan ta ba, labari aka ba shi.

Aibi na uku ya shafi addini, kuma ina neman malamaina su gyara mini idan sun ga karkata. Jumhurun malamai sun halatta a sayar da kaya bashi da farashin da ya ɗara na hannu da hannu, matuƙar an yanke farashi ɗaya da ajali ɗaya tun a majalisin ciniki. Abin da ya haramta shi ne, ajali ya cika mutum ya kasa, a ce masa an ƙara maka lokaci, an kuma ƙara maka kuɗi. Wannan ita ce ribar jahiliyya tsantsa, kuma ita ce ainihin abin da katin nan na Amurka ya ginu a kai. Haka kuma rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani da aka sharɗanta, kamar dillalin da ya ɗaure ragonka da rancensa, malamai sun hana shi. Allah Ta'ala kuwa, a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ya yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu. Ina tambaya, cikin dukan basussukan magani da ke tsakaninmu a garin nan, nawa ne aka rubuta? Husuma nawa ta kai gaban hakimi saboda ɗaya ya ce kwalba biyu ce, ɗaya ya ce uku?

Na huɗu, inshora. Da yawa daga cikinmu ba su san cewa akwai ta ga dabbobi a Nijeriya ba, alhali gwamnatin tarayya ta kafa tsarin inshorar noma tun 1987, aka mai da shi hukuma mai zaman kanta da dokar 1993, ita ce ake kira NAIC, kuma an tsara cewa gwamnatin tarayya da ta jiha su ɗauke wa manomi rabin kuɗin da zai biya. Sai dai ku riƙe wannan magana, domin ita ce gishirin laccar: irin wannan inshora diyyar mutuwa ce, ba kuɗin jinya ba. Idan saniya ta mutu da cuta ko tsawa ko ambaliya, aka kai rahoto cikin lokaci, likita ya shaida, sai a biya. Amma ranar da take kwance tana bukatar allurar 'yan dubbai kaɗan domin ta tashi, takardar nan ba ta da abin da za ta ba ka. Ga shi kuma sai an yi wa dabba alama, an san shekarunta, an ga shaidar riga-kafi, sai kuma ma'aikaci ya iso ya ga gawa da idonsa kafin ta ruɓe. Ku da kuka san tsakanin nan da Sakkwato a wannan zamani, ku faɗa mini yaushe zai iso? Shi ya sa mafi yawan masu cin moriyarta su ne masu manyan gonakin kaji da waɗanda banki ya tilasta wa yin ta kafin ya ba su rance.

Ga kuma shubuhar da ke zukatan Musulmi, wadda ba ta rasa tushe ba. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, saboda gararin da ke cikinta, watau mutum ya sayi abin da bai san zai samu ko ba zai samu ba, amma ta halatta ta taimakon juna, wadda aka gina a kan kyauta. Wannan ita ake kira takaful. Bambancin kuwa ba na suna ba ne kawai: a takaful kuɗin da aka tara na jama'ar da suka tara ne, kowa ya sa nasa da niyyar tabarru'i, watau kyauta, kamfani wakili ne da ake biya ladan aiki, abin da ya yi saura kuma a ƙarshen shekara ana iya mayar wa masu shi. Malamai sun kafa hujja da tsarin aƙila, inda dangi suke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure, da kuma yabon da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Ash'arawa, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. A Sudan aka kafa kamfanin farko a 1979. A nan Nijeriya hukumar inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, yanzu kuma akwai kamfanoni irin su Noor da Jaiz. A arewacin Kenya, tun 2010 aka fara wata inshorar makiyaya a Marsabit wadda ba ta jiran a ga gawa, sai dai a duba hoton ciyawa daga tauraron ɗan'adam, idan fari ya kai wani haddi a biya kowa. Daga baya aka yi mata siffar takaful domin Musulmin Wajir. Dabara ce mai kyau, amma maganin fari ce, ita ma ba ta sayen allura.

Na biyar gajere ne. Mafi arahar magani shi ne wanda aka yi kafin ciwo, kuma tarihinmu shaida ne. Cutar bushiya ta share garkunan ƙasar Hausa wajen 1890, saboda ita aka kafa ɗakin binciken Vom a 1924, aka yi gagarumin yaƙin allura daga 1962, da aka yi sakaci ta dawo a 1983, dattawan da ke nan sun ga abin da ta yi. Amma a 2011 aka shelanta cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ba bashi ne ya kashe ta ba, ba kuma diyya ba, allura ce da aka yi wa garke bayan garke. Yau ciwon huhu na shanu, da saifa, da harbin daji, da annobar nan ta awaki da tumaki mai zawo da majina wadda likitoci ke kira PPR, da haukan kare, duk suna da riga-kafi, kuma Vom tana yin su.

Na shida, ga ra'ayina. Tun da bashi yana zuwa a makare, inshorar hukuma kuma tana zuwa bayan mutuwa, wurin da babu kowa shi ne tsakiya, ranar farko da dabba ta ƙi kiwo. Wannan gurbi mu ne za mu cike shi, kuma ba baƙon abu zan kawo muku ba. Matanmu sun ƙware da adashi, manoma sun san gayya, Fulani kuma suna da haɓɓanaye, inda ake ba wanda ya rasa garke aron karsana, ta haifa masa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Abin da nake kira gare shi shi ne asusun maganin dabbobi na unguwa ko na ruga, bisa niyyar taimakon juna. A ƙaddara, misali, mutum 100 sun yarda kowa ya riƙa sa naira 500 a wata; a shekara an tara naira 600,000. Ku ne za ku yanke adadin, kuma adalci shi ne mai shanu goma ya fi mai akuya biyu sakawa.

Kashi na farko na kuɗin a kashe shi kan riga-kafi da maganin tsutsa, a ɗauko ma'aikaci mai takarda rana ɗaya ya bi gida-gida, a sayi magani da yawa daga inda aka amince, wanda ya fi araha ya kuma fi aminci. Kashi na biyu shi ne na jinya: duk wanda ke cikin asusu, dabbarsa ta kamu, a duba ta a yi mata magani ba tare da ya nemi kowa ba, har zuwa wani haddi da aka sani. Abin da ya haura haddi a ba shi rance marar ƙari, a rubuce, da shaidu biyu, zuwa kaka ko bayan Layya, idan kuma ya shiga ƙunci a saurara masa kamar yadda Alƙur'ani ya yi umarni. Mu kuma ari hikima ɗaya daga Turawa: sabon shiga ya jira wata guda, kuma kada a karɓi dabbar da ta riga ta kamu, in ba haka ba kowa zai zauna sai ciwo ya zo, asusu ya mutu tun yana jariri. Kuɗi kada su kwana a hannun mutum ɗaya. Mai ajiya daban, mai littafi daban, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a duk wata uku. Kuma lalle mata su sami wakilci a cikin masu riƙo, domin yawancin awaki da tumakin cikin gida nasu ne.

Ba zan ɓoye muku iyakar wannan shawara ba. Asusun gari ɗaya yana iya ɗaukar ciwon da ke kama dabba ɗaya yau, wata gobe, amma annobar da ta kwantar da garke duka a mako guda ta fi ƙarfinsa. A nan ne ake bukatar asusai da yawa su haɗu, na Sabon Birni da na Isa da na Goronyo, su nemi kamfanin takaful ya tsaya musu a baya, kuma ƙungiya mai littafi da shaidar riga-kafi ta fi mutum ɗaya samun kunnen kamfani da na hukuma. Tun da an kafa ma'aikatar raya kiwo ta tarayya a 2024, haƙƙinmu ne mu tambaye ta wannan, mu kuma nemi likitocin da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take yayewa su riƙa isowa gare mu.

Sa'an nan akwai abin da ya fi kowace cuta cin dabbobinmu a waɗannan shekaru, kowa ya san shi, har ya kori 'yan'uwanmu da yawa zuwa ƙasar Maraɗi. Shanun da 'yan bindiga suka kora, babu asusun unguwa da zai iya mayar da su, wannan nauyi ne na hukuma, kuma ba za mu daina faɗa mata ba. Na san akwai wanda zai ce, me zai sa in kashe kuɗi kan saniyar da ban san ko za ta kwana a turkenta ba? Ina jin zafin wannan tambaya ƙwarai. Amsata ita ce, mutumin da aka raba da shanu ashirin aka bar masa awaki uku, awakin nan su ne tushen garkensa na gobe, kuma shi ne ya fi kowa rashin ƙarfin jure mutuwar ko ɗaya daga cikinsu. Saboda irinsa ne ma nake ganin kafa asusun ya zama da gaggawa, kuma ina roƙon masu hali da masu fitar da zakka su biya wa irin waɗannan kasonsu na shekarar farko.

Ranka ya daɗe, malamaina, iyayena da 'yan'uwana, a nan zan dakata.  Yanzu fili naku ne: mai tambaya ya yi, mai gyara ya gyara, kuma ina so a fara da iyayenmu mata da makiyaya, sa'an nan malamai su yi mana bayani a kan abin da ya shafi hukunci.